Wanda Ya Yi Goyon

Tun da hantsi Lindani Shezi ya ɗora wake a wuta ranar Lahadin nan, don ya san 'yarsa Nomvelo ba ta cin abincin hanya. Ya soya kaza da albasa da kori, ya tuƙa tuwon masara ya rufe, daga nan ya rasa abin yi. Ya fita bakin ƙofa ya duba titi, ya dawo ya duba waya, ya sake fita. Halinsa ke nan. In yarinyar ta yi tari sau ɗaya, shi a ransa har an ba ta gado a asibiti.

"Mai Tawul, ka zauna mana!" in ji maƙwabciyarsu MaKhanyile ta saman katanga, tana shanya. "Tun safe kake sintiri, har ka sa ni jiri."

"Hanyar Nongoma ce fa, Mama, garin su Melusi. Shanu a kan kwalta, ga direbobin tasi kamar an biyo su."

"Melusi ne ke tuƙi, ɗan nan. Mutumin da mai keke ke wuce shi yana masa sannu."

Lindani ya yi dariya, amma bai bar bakin ƙofar ba.

Sunan nan na Mai Tawul yana da dalili. Ba su daɗe da ɗaura aure a ofishin gwamnati ba, shi da Melusi Gumbi, sai Thobile ƙanwar Melusi ta rasu, ta bar jaririya 'yar wata huɗu. Suka ɗauko ta, suka yi ta zaryar kotu har aka rubuta ta 'yarsu su biyu. Melusi malamin makaranta ne, da sassafe yake fita. Lindani mai faci ne, rumfarsa tana nan bakin layi. Saboda haka shi ya koyi goyo. MaKhanyile ce ta nuna masa yadda ake sunkuyawa a ɗora yaro, a ja tawul, a ɗaure a ƙirji. Ƙato mai gemu, hannu baƙi ƙirin da taya, ga jaririya tana barci a bayansa yana buga iska. Unguwarsu ta Umlazi ta yi dariya har ta gaji. Direbobi kan tsaya a rumfar ko tayarsu lafiya lau take, don kawai su gani da idonsu.

Abu ɗaya ne ya rage ba a yi wa Nomvelo ba, wato imbeleko, yankan akuyar da ake yi a shingen shanu na gidan tsoho don a nuna wa kakanni yaro, a ce ga naku, ga kuma iyayensa. Sunan ma daga goyo ya fito, don a da fatar akuyar ake jemewa a goya yaron da ita. Gidan Gumbi sun ce a kawo yarinya kowane lokaci, amma kada a zo da "wancan". Ranar da saƙon ya iso, Melusi ya riƙe hannun Lindani a nan kicin ya ce, "Ba za a yi ba sai kana tsaye kusa da ni a shingen shanu. Ko shekara ashirin ce, mu jira." Yanzu yarinya ta shekara bakwai, suna kan jira.

Ranar Alhamis da ta wuce Melusi ya dawo daga makaranta ya ce an bugo waya, jikin Gogo mahaifiyarsa ya yi tsanani, tana son ganin jikarta. Lindani da kansa ya haɗa jaka. Ya sa maganin tari da safa, ya sayo wa tsohuwar lemo da burodi, duk da ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba.

La'asar ta yi sanyi kafin motar ta shigo layin. Lindani ya isa tun ba ta gama tsayawa ba. Nomvelo ta fito sanye da rigar sanyi mai dogon hannu, a zafin nan na Durban da ko singileti nauyi yake yi.

"Sannu da gida, Kawu..." Ta toshe baki da hannu, ta waiga wajen Melusi. "Baba Lindo nake nufi."

"Kawu kuma? Kwana uku kacal har an sauke ni daga muƙami?" Ya ɗaga ta sama yana dariya.

"Ka san ƙauye," in ji Melusi, kansa a cikin but yana ciro jaka. "Kowa kawu ne a can, har jakin gidan. Bakinta ne ya saba."

"Ya jikin Gogo?"

"Da sauƙi. Ta tashi zaune."

Da ya rungume yarinyar, wani wari ya bugi hancin Lindani, wari mai nauyi kamar na mahauta. Ya ce a ransa ai ƙauye ne, hayaƙi da tumaki. Ya zuba abinci, ya ɗauko roba da ruwan ɗumi kamar kullum.

"Zo a wanke hannu, Velo. Cire rigar nan, kin jiƙe da gumi."

"Sanyi nake ji."

Ya taɓa goshinta, ya taɓa wuyanta. Babu zazzaɓi.

"Ƙyale ta, Shezi," in ji Melusi daga ƙofar ɗaki. "Ni zan wanke mata."

Amma Lindani ya riga ya naɗe hannun rigar. A wuyan hannunta na dama ga awarwaron fatar akuya, ɗanya, gashin fari da ja, gefenta bai ko bushe ba. Ba wanda ya tashi a ƙasar nan da zai tambayi ko mene ne. Ba a ɗaura shi sai an yi yanka, an kira kakanni.

Ruwan robar ya daina motsi. Lindani ya ci gaba da riƙe ɗan hannun, yana kallon fatar. Sannan ya tsoma hannun a ruwa ya wanke yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana kaucewa kada fatar ta jiƙe, ya goge da tsumma.

"Ya yi miki kyau," ya ce. Muryar kamar ta wani. "An yi taro?"

Nomvelo ta kalli Melusi, ta ga ya sunkuyar da kai. Sai ta ɗauka wasan ɓoyon ya ƙare, bakinta ya buɗe.

"Mutane cike da gida, Baba Lindo! Akuyar ta yi ta kuka. Baba Babba, yayan Baba Melu, ya ƙona ganye mai hayaƙi yana ta magana da waɗanda suka mutu, ya ce ga 'yar Thobile, wadda Melusi ya raina shi kaɗai. Aka ɗiga mini ruwan matsarmama a nan da nan, ɗaci kamar me, na lasa kaɗan. Ga giya tulu-tulu tana kumfa, tsofaffi suna ta waƙa. Gogo ma ta yi rawa!"

"Gogo ta yi rawa."

"Da sandarta! Sai wata tsohuwa mai haƙori ɗaya ta ce, to a birni wa ya goya ta, tunda ba mace a gidan? Baba Melu ya ce akwai ɗan haya a ɗakin baya, shi yake taimakawa." Ta kai loma baki. "Baba Lindo, wane ne ɗan hayan? Ai ɗakin baya tayoyi ne a ciki."

Melusi ya ce, "Velo, ci abincinki."

Lindani ya miƙe. Ya ƙara mata cinyar kaza, ya zuba mata ruwa a kofinta mai hoton kifi. Da ta gama ya leƙa ta katanga ya ce, "Mama, ga jikarki nan za ta zo ta nuna miki abin hannunta." MaKhanyile ta kalli fatar, ta kalli fuskar Lindani, ba ta yi tsokanar da ta saba ba. Ta ja yarinyar ciki ta ƙara ƙarar rediyo.

A bayan gida suka tsaya, tsakanin igiyar shanya da ɗakin tayoyin. Melusi ne ya fara.

"Bari in yi maka bayani."

"Giyar dawa kwana nawa take yi kafin ta yi kumfa, Gumbi?"

"Shezi..."

"Kai malami ne, ni jahili. Gaya mini. A gidanmu dai sai a jiƙa, a dafa, a bari ta kwana ta sake kwana, kusan mako. Ko ta gidan Gumbi waya ake buga mata ranar Alhamis ta nuna ranar Asabar?"

Lindani ya matso kusa da shi.

"Tun yaushe?"

"Tun watan jiya suka sa rana."

"Watan jiya." Lindani ya gyaɗa kai. "Kana kwana kusa da ni, ina shafa maka man zafi a baya, ka san rana. Na tsaya a layi na sayo wa mai rawa da sanda lemo."

"Don Velo na yi! Kai ne fa ba ka barci. Kai ne kullum, ta yi fitsarin kwance, ta firgita, ta rame, mu je asibiti, mu sake komawa. Likita ya ce ba komai. Gogo ta ce yarinyar ba a gabatar da ita ba ne, uwarta tana nemanta. In tsohuwar nan ta mutu ba a yi ba, wa zai sa Zwelibanzi ya yi? Ka san yayana. Kana so yarinya ta girma ba ta da wurin tsayawa?"

"Ina so."

"Me?"

"Ina so a yi mata, shi nake cewa! Ka ɗauka ban haɗa fitsarin nan da rashin yankan ba? Ni ma a ƙauye aka haife ni. Da ka zaunar da ni ka ce, Shezi, ba zan iya cika alkawarin nan ba, yarinya tana wahala, da wallahi na ce ku je. Da ni zan sayi akuyar. Da na kai ku har bakin shinge na zauna cikin mota kamar direba, in ji kukan akuyar daga nesa, ya ishe ni. Ba ka tambaye ni ba."

"Na ji tsoron kada ka ji ciwo."

"To ga shi ban ji ba."

Melusi ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Kullum haka yake yi in ɗalibi ya ƙure shi.

"Kakanni ba su san takardar kotu ba, Lindani. Ba ni na tsara ba. Me kake so in ce a gaban tsofaffi? In ce ga mijina? A tashi taron, a bar akuya a yanke?"

"Ban ce ka kai musu takarda ba. Abin nan sunansa goyo. Goyo! Tsohuwa ta yi tambaya mai sauƙi, wa ya goya ta. Ka ce Lindani Shezi. Ba sai ka ce miji ba, ba sai ka ce komai ba, suna kawai. Ko abokina ka ce, da na haɗiye. Sai ka ce ɗan haya." Ya nuna ɗakin tayoyin. "A gabanta. Kuma ka zaunar da 'yata a mota ka koya mata ta ce mini kawu."

"Na ce mata wasa ne."

"Ka sa mata rigar sanyi a wannan zafin. Har yaushe? Wata nawa fatar nan take yi kafin ta faɗi? Ni nake mata wanka, Melusi. Ko shi ma ba ka sani ba?"

"Na so in gaya maka da kaina, in ta yi barci."

Lindani ya dube shi. Fuskar nan ce dai da ya sani, da ɗan tabon da ke gefen gira, da kunnen da ya fi ɗaya girma. Mutumin da ya tsaya a ofishin gwamnati ya amsa da ƙarfi har ma'aikaciyar ta yi dariya. Mutumin da ya taɓa cin kwalar wani direba a rumfa saboda ya kira Lindani da sunan banza. A Umlazi jarumi ne. Ashe jarumtar ba ta wuce gadar Tugela da ke kan hanyar ƙauyensu.

"In fatar ta faɗi, wa za ta ba?" ya tambaya a hankali. Ya san al'ada: ba a yankewa, ba a jefarwa, mai gida ake ba ya ajiye.

Melusi ya kau da kai. "Gogo ta ce a mayar can."

"To."

Lindani ya juya. Ya buɗe ɗakin bayan, ya fara fito da tayoyi yana jerawa a jikin katanga. Ya share ƙasa, ya kakkaɓe yanar gizo, ya shiga gida ya ɗauko tsohuwar katifar baƙi da matashinsa.

"Haba Shezi, wannan ai yarinta ce. Me unguwa za ta ce?"

"Unguwa ta ga abin da ya fi wannan, ta ga ƙato da goyo. Ka riga ka gaya wa matattunku akwai ɗan haya a ɗakin baya. Kada su leƙo su ga ka yi musu ƙarya."

"Me kake so in yi? Faɗi. An riga an yi yankan, ba zan mayar da akuya da rai ba."

"Ka kira Zwelibanzi ina tsaye. Ka ce masa, wanda ya goya Nomvelo sunansa Lindani Shezi, ubanta ne. Ka ce ya shiga shinge ya faɗa wa kakanni. Ban ce su so ni ba, ban ce su ba ni kujera ba. Ranar da ka faɗa, zan mayar da matashina."

Washegari Litinin Lindani ya tashi kamar kullum, ko da yake bai runtsa ba. Ya shiga gida ya dama kunu, ya goge rigar makaranta, ya shafa man gyaɗa a burodi ya naɗe. Melusi yana zaune a teburi da shirin aiki, waya a gabansa, shayinsa ya huce.

Lindani yana tsugune yana goge mata takalmi sai ya ji an taɓa kafaɗarsa. Nomvelo ce, riƙe da almakashin kicin, ta miƙo masa ta wajen mariƙin kamar yadda ya koya mata.

"Ka yanke, Baba Lindo."

"In yanke me?"

Ta miƙo hannun. Idonta ya kumbura. "Shi ya sa ka koma ɗakin tayoyi. Na ji ku. Kuma wari yake yi, za a yi mini dariya a aji. Ni ba na so."

Ya karɓi almakashin. Fatar ta fara ƙanƙancewa, ta kama hannun. Sau ɗaya zai danna, shi ke nan, Zwelibanzi da hayaƙinsa da tsohuwa mai rawa duk su faɗi ƙasa a kicin ɗinsa, ya share su da tsintsiya. Ya ji yatsunsa sun shiga mariƙin da kansu. Melusi ya ɗago, bakinsa a buɗe.

Sai Lindani ya tuna yau da safe ya taɓa zanin gadonta ya ji shi a bushe. Ko gajiyar hanya ce, ko yankan ne, shi bai sani ba. Kuma ba shi da ƙarfin zuciyar da zai gwada a kan 'yarsa.

Ya ajiye almakashin a saman firji inda hannunta ba ya kaiwa.

"Ba a yankewa, uwata. Da kansa yake faɗuwa. Wannan na mamarki Thobile ne, ta san inda kike yanzu. Ba ke kika kai ni ɗakin tayoyi ba, kin ji? Maganar manya ce." Ya ɗebo toka a murhun waje ya shafa a cikin fatar don warin ya ragu. Ya naɗe mata hannun riga har gwiwar hannu. "Kada ki ɓoye. Wanda ya yi dariya, ki ce masa a gidansu ko kaza ba a yanka masa ba."

Ta yi 'yar dariya tana jan hanci. "Baba Lindo, kai ne ɗan hayan?"

Lindani ya juya ya kalli Melusi, yarinyar ma ta juya. Melusi ya ɗauki wayar. Daga inda yake tsugune Lindani yana hango sunan Zwelibanzi a fuskarta. Babban yatsan Melusi ya tsaya a saman sunan, ya daɗe a nan. Can waje wani tasi yana ta hon yana kiran 'yan cikin gari. Hasken wayar ya dushe, ya mutu.

"Yanzu yana wajen shanu," in ji Melusi, murya ƙasa-ƙasa. "Ba zai ɗauka ba. Ku zo in sauke ku a mota."

Lindani ya shiga ɗaki ya buɗe ƙasan akwati. Tawul ɗin yana nan, shuɗin ya koɗe, gefe ɗaya ya zare. Ya fito tsakar gida ya sunkuya.

"Hau."

"Baba, na girma fa!"

"Hau, na ce. Ɗan haya zai kai ki makaranta."

Ta hau. Ƙafafunta har gwiwarsa, tawul ɗin da kyar ya haɗu a ƙirji, bayansa ya amsa. Ya ɗaure kamar yadda aka koya masa, ya rataya jakarta a wuya, ya wuce motar ba tare da ya kalle ta ba.

MaKhanyile tana share ƙofar gida. Ta buɗe baki za ta ce Mai Tawul, sai ta hango Melusi tsaye a ƙofa da waya a hannu, ta mayar da bakinta ta ci gaba da shara.

Nomvelo ta zagaye wuyansa da hannuwa. Fatar akuyar tana gogar maƙogwaronsa duk takun da ya yi, warin yana shiga hancinsa. Sai da suka kai kwanar rumfar facin ya kasa kunne ko zai ji an kira shi daga baya. Hon ɗin tasi kawai ya ji. Ya gyara goyon, ya hau tudu.